Fedar Kawu Nomau a Kwatano

A shinge na uku bayan mun bar Tsamiya mun shiga ƙasar Benin aka fara taɓa mini feda. Jami'in da ya tare mu bai kula jitar da ke rataye a bayana ba, bai kula jakar tufafina ba, hannunsa sai kan ɗan akwatin ƙarfen da na naɗe da tsohon zanen matata. Ya kwance, ya jujjuya, ya ga maɓalli a sama da ramukan waya a gefe, sai ya ja da baya taku biyu kamar abin zai tashi da mu. Ni ba Faransanci, shi ba Hausa. Da ɗan Dendancin da na tsinta a kasuwar Illo na yi ta bayani: kayan kiɗa ne, ana haɗa shi tsakanin jita da sifika, a taka da ƙafa, muryar jitar ta sauya. Ya ce in taka ya ji. A tsakiyar daji, ba wuta ba sifika, me zai ji? Na taka, abin ya yi ƙas, shi ke nan.

Bai gamsu ba sai da ya sa na kwance gindinta da bakin wuƙar mai babur ɗin da ya ɗauko ni. Ya leƙa, ya ga wayoyi da ɗan batir mai kusurwa huɗu, ya cire batirin ya jefa aljihu, ya yi mini alamar in wuce. Har godiya na yi masa. A raina na ce tsohon batir ne, ya je ya ci da shi.

Fedar ta Kawu Nomau ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi kiɗan jita a Gaya tun ba a haife ni ba. Da ya tuba ya koma noman shinkafa a Bahindi sai ya miƙo mini ita tare da jitar, ya ce in kwashe su daga gabansa. Fentinta ya goge, ko sunan kamfanin babu, maɓallan murɗawa biyu ne kawai da na takawa ɗaya. Amma in na taka ta, jitar sai ta daina zama jita. Wani siririn kuka take yi ta hanci, mai ɗan dishi-dishi, yana karyewa a ƙarshen kowace murya, sak goge a hannun tsohon makaɗi. Shekara tara ina cin abinci da wannan kuka a bukukuwan Bagudo da Kende da Illo. Ni kaina na san yatsuna ba wasu na a zo a gani ba ne. Fedar ce ke rufa mini asiri.

A wani biki a Illo Maigida Usaini ya ji ni. Badende ne mutumin Kandi, yana da ƙungiyar makaɗa a Kwatano, su ke yi wa 'yan arewa mazauna can kiɗan biki. Bayan an tashi ya kira ni gefe, kuma bai yi mini kara ba.

"Ɗan Bagudo, masu jita gare ni har ukku, kowanensu ya hi ka yatsu, kak ka ji haushi. Amma kukan gogen ga da ka hitowa cikin akwatin ga, babu mai shi Kwatano. Taho mani da shi, in ba ka wuri."

Ya ce akwai wani babban biki da za su yi nan da mako uku, in na iso da wannan sauti na zama ɗan ƙungiya na dindindin, da ɗaki da albashi. Ni kuma da bakina da ba ya riƙe magana, kafin kwana biyu babu wanda bai sani ba a Bagudo cewa Sa'idu mai jita ya samu aiki a bakin teku. Har mahaifina, wanda bai taɓa kiran kiɗa sana'a ba, ya ce to, Allah ya sa abin ya zama aiki.

A Kandi na shiga wani shago na sayi sabon batir a ledarsa, mai kyau, irin wanda ban taɓa saya ba a rayuwata. Na saka shi ina jin kaina, wai zan shiga birni da shirina. Daga nan na faɗa hannun wani direba da ya rantse mini har Kwatano zai kai mu ba tsayawa. Muna isa Faraku ya sauke mu a tasha, ya ce mu jira ƙaninsa zai ƙarasa da mu, ya juya motarsa ya koma. Ƙanin nan har yau bai iso ba. Kwana ɗaya da wuni na yi a tashar ina rungume da jita, ruwan sama na zuba kamar da gayya. Wata mai sayar da sakwara, dattijuwa, ta ga yadda nake kare jitar da jikina ina jiƙewa, ta kira ni da Dendanci ta ce in tura kayan ƙarƙashin teburinta. Ta zuba mini sakwara da miyar gyaɗa, na miƙa kuɗi ta ture hannuna, ta ce ɗanta ma yana wata ƙasa, ba ta san wa ke ba shi abinci ba. Ina ci ina tuna tuwon shinkafar Hadiza matata. Ban ma tambayi sunan matar ba, abin da ke damuna ke nan har yanzu.

Kwatano ta karɓe ni da hayaƙi da gumi. 'Yan babur masu rawayar riga sun fi ƙudan kasuwar kifi yawa, kowa na danna oda, iskar kuma ɗanya ce mai gishiri, riga ba ta bushewa a jiki. Na lalubi gidan Maigida Usaini a unguwar Zango da ƙyar. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni tabarma a ɗakin kaya, ya ce washegari da la'asar akwai gwaji a garejin bayan gida.

Da na shiga garejin sai na raina kaina. Masu jitar nan uku kowanne da faffaɗan allo a gabansa, an jera fedoji bakwai ko takwas, ja da kore da shuɗi, fitilu na ƙyaftawa. Wannan ta amsa-kuwwa ce, wannan ta sa sauti ya yi rawa, wannan ana lilo da ita da ƙafa jitar ta riƙa yin kamar jariri. Ni kuwa na kwance zanen Hadiza na fito da ƙwaya ɗaya mai kama da gwangwanin kifi. Na ga suna haɗa ido. Na ce a raina ku bari in taka, za ku san dalilin da ya sa aka kira ni.

Na haɗa waya, na ɗaga jita, na taka.

Abin da ya fito ƙara ce mai kauri, cikakkiya, mai ƙarfi kamar injin niƙa. Babu dishi, babu hanci, babu karyewar nan. Goge ko alamarsa. Na murɗa maɓalli na farko, na murɗa na biyu, na sauya waya, na roƙi a ba ni wata sifikar, na sake taka. Injin niƙa dai. Ɗaya daga cikin masu jitar ya ce ai sautin ba laifi, irin wannan akwai shi a allonsa, ya taka tasa ya nuna mini, kuma wallahi tasa ta fi daɗi. Maigida Usaini ya jira kowa ya fita. Sannan ya ce wataƙila hanya ce ta gajiyar da ita, saura kwana shida biki, in nemo abin da na zo da shi.

Babu wanda ban zarga ba. Na zargi jami'in shinge da ya sa aka buɗe ta. Na zargi ruwan Faraku, na zargi ramukan hanya, na zargi iskar teku. Har bakin mutanen Bagudo na zarga, na ce yawan faɗar da na yi ne ya jawo. Abu ɗaya ne ban yi ba, shi ne in tambayi Maigida wa ke yi musu gyara. Kunya ta hana ni. Na riga na shigo musu da gwangwani, ban so kuma in zama mai gwangwanin da ya lalace yana neman taimako.

Da safe na naɗe ta na nufi babbar kasuwa, ɓangaren kayan lantarki, ni kaɗai. Na fi awa biyu ina nuna wa mutane ita suna amsa mini da yaren da ban ji. Can sai na ji an ce, "Sannu da rana, ɗan'uwa, daga ina?" Da Hausa tsantsa, irin tamu. Na juya na ga wani matashi mai rumfar gyaran amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya ce sunansa Bala, iyayensa mutanen wajenmu ne. Yadda na ji a lokacin, ko wana na gani iyaka ke nan. Ya ba ni kujera, ya sayo mini ruwan sanyi, muka yi hirar kifin Neja da shinkafar fadama. Ya buɗe fedar, ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya ce kayan ciki sun tsufa, danshi ya shige su, amma in bar masa zuwa gobe zai mayar da ita sabuwa. Na bar masa. Da hannuna na miƙa, har ina sa masa albarka.

Washegari na karɓo ta, an goge ta tas, har ya ɗaure maɓallin da ke girgiɗi. Ya gwada mini a rumfarsa cikin hayaniyar kasuwa, na ji kamar ta sauya, na yaudari kaina na ce ta dawo. A gareji gaskiya ta fito. Yanzu ma ko kaurin nan babu, wata busasshiyar ƙara ce mai tsaga kunne. Nan ne na sauke girman kai na gaya wa Maigida abin da na yi. Ya dafe kai.

"Kai Sa'idu, mi ya hana ka tambaye ni? Baba Kojo na nan bayan layinmu, shekara ashirin shi ka yi muna gyara. Kasuwa ka kai ta?"

Baba Kojo tsoho ne ɗan kudu, ya yi aikin jirgin ƙasa a Faraku da ƙuruciya, can ya koyi Hausa. Shagonsa cike da matattun rediyoyi har rufi. Abin da ya fara ba ni mamaki, bai taɓa fedar ba. Ya ajiye ta a tebur ya hau yi mini tambayoyi kamar likita. Da wace sifika nake kiɗa a gida, wutar gari ko janareto, a rana ko a inuwa. Sannan ya ce wane batir nake sa mata.

Na ce batir dai. Ya ce a ina nake saya. Na ce ai ba saya nake ba. Malam Garba mai hayar lasifika a Bagudo, makirfonsa marar waya ba ya yarda da batir in ya fara sanyi, sai ya cire ya jefa a wani gwangwanin madara. Ni kuma duk wata in je in kwashe, in riƙa ɗana su a harshe. Wanda ya mutu murus in yar, wanda ya ɗan yi mini tsami-tsami in saka. Haka Kawu Nomau ya koya mini, shi ma ragowar na wasu yake amfani da su, kuma ni a zatona talauci ne kawai ya sa muke haka.

Tsohon ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce to ai ga gogen nan. Irin waɗannan tsofaffin fedoji in wuta ta yi musu kaɗan sai muryarsu ta shaƙe, ta riƙa karyewa, abin da wasu ke kira lalacewa, ni kuma shi nake sayarwa shekara tara. Ranar da na saka mata sabon batir a Kandi na ƙosar da ita, ta daina kuka. Ya ce ba abin da ya same ta a hanya, da na bar batirin ya yi sanyi, ko na nemi wani tsoho a bola, da magana ta ƙare.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba don murna. Na ce to Baba a rage mata wutar mana. Ya jawo wata na'ura mai allura, ya haɗa, ya ba ni wata tsohuwar jita ya ce in kaɗa yana rage wutar a hankali. Na kaɗa. Busasshiyar ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi tsit. Ba ta bi ta kan goge ba ko kaɗan. Ya ɓata fuska, ya ɗauki sukundireba ya buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da ita ya nuna mini wurare shida da sabuwar dalma ke ƙyalli.

Ya ce a nan akwai wasu 'yan ƙarafa guda biyu masu ƙafa uku-uku, masu kamar hular kwano, tiransista ake ce musu. Na ce ƙwarai, na san su, tun ina yaro nake ganinsu. Ya ce irinsu an daina yi tun tuni, masu tara tsofaffin kayan kiɗa nemansu suke ido rufe, kuma su ne muryar fedar. An cire su an sa wasu 'yan baƙaƙe na roba da ake sayarwa a cikin kwano.

"Yaro, wanda ya buɗe wannan ya san abin da ya gani. Lafiyarta ƙalau ka kai masa ita."

Wannan kalma ta fi komai ci mini rai. Da a ce hanya ce ta kashe ta, da na ce ƙaddara. Amma lafiyayya na ɗauka, na bi kasuwa ina neman wanda zai yanka ta, don kawai ya gaishe ni da Hausa.

Na koma wurin Bala a guje. Ya karɓe ni da fara'arsa ta jiya, ya ce ai ruɓaɓɓun kayan ya zubar, har ya jawo kwandon shara ya ce in duba. Na duba kuwa, na zazzage shi a ƙasa ina tonon guntayen waya kamar kaza. Na ɗaga murya, na ci kwalarsa, maƙwabtansa suka taru suna magana da yarensu, kuma ko ban ji ba na san ba bayana suke ba. Wani dattijo ya janye ni ya ce da gurɓatacciyar Hausa in tafi tun ba a kira hukuma ba, ni baƙo ne, ba ni da shaida. Gaskiya ya faɗa. Na tafi, na hau babur ya kai ni wata unguwar daban, na ƙarasa Zango a ƙasa.

Baba Kojo ya yi iya yinsa, Allah ya saka masa. Kwana biyu yana farke tsofaffin rediyoyinsa yana ciro masu hular kwano yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun mutu, wasu na hura iska kawai. A ƙarshe ya sami biyu da suka ɗan yi dishi, ya sa mata wani ƙaramin maɓalli a gefe na rage wuta don kada in sake bin bola. Ko sisi ya ƙi karɓa, ya ce shi ma ya ƙaru. Da na kaɗa a shagonsa na ji wani abu mai kama da ƙanen abin da na sani, irin kamar da sai an gaya maka za ka gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kaɗa wa Maigida Usaini, mu biyu kawai a gareji. Ya saurara har na gama, idonsa a rufe. Na so ya yi mini ƙarya, bai yi ba.

"Ba shi ba ne, ƙanena. Kai ma ka sani."

Na ce na sani. Ya ce ba zai iya sallamar mai jita ɗaya don wannan ba, amma yana neman wanda zai riƙa kula da wayoyi da ɗaukar sifika, in ina so. In kuma gida zan koma, zai sa ni a mota. Na tuna tashar Bagudo, da masu shayin da na yi wa bankwana da hannu biyu, da mahaifina da ya ce Allah ya sa abin ya zama aiki. Na ce zan riƙe wayoyin.

Wata bakwai na yi ina naɗe waya a Kwatano. Na iya jera allon kowane mai jita ido rufe, na san wace feda ke bin wace, na san wadda ke ƙugi in an haɗa ta da wutar janareto. Ni ke sauya musu batir kafin kowane biki, sababbi fil, tsofaffin kuwa in zuba a aljihu don hannuna ya saba. Duk ranar da Hadiza ta kira ta ce in kaɗa mata gogen nan a waya ta ji, sai in ce muna kan hanya, ko in ce babu wuta. Ban sani ba ko ta yarda, ta dai daina tambaya.

Wata Asabar da hantsi an aike ni kasuwa sayen kan wayar sifika. Mutanen kudu in an yi musu mutuwa rumfa suke kafawa a titi, a ci a sha a yi kiɗa, to irin wannan taron na tarar ya tare hanya kusa da kasuwar. Ina raɓawa ta gefe da ledata, ban ma kalli makaɗan ba, sai na ji shi. Siririn kukan nan ta hanci, da dishinsa, da karyewarsa a ƙarshe. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na leƙa tsakanin kafaɗun mutane na hango wani mai jita da sabuwar feda mai sheƙi a gabansa. Ko 'yan ƙarafana ne a cikinta, ko wasu ne irinsu, Allah kaɗai ya sani. Amma kukan na Kawu Nomau ne, ina iya rantsuwa. Na tsaya a rana ina ji, idona ya cika, ina ganin filin biki a Illo da mata suna guɗa.

Bai kai minti biyu ba. Mai jitar ya yamutsa fuska, ya dubi fedar, ya girgiza kai ya ba abokansa haƙuri da hannu. Ya durƙusa ya buɗe ta, ya zaro batirin, ya laluba aljihu.

Daga tsallaken titi na ɗaga murya da duk ƙarfina na ce, "Kai, bar shi! Bar shi haka nan!"

Mutum biyu ko uku suka waigo suka kalle ni, ba wanda ya ji abin da na ce. Ya saka sabo, ya wurga tsohon a kwata, ya taka. Ƙara ta fito cikakkiya mai ƙarfi, jama'a suka yi shewa suka koma rawa. Wani ɗan babur ya danna mini oda a baya don na tare masa hanya, na matsa na ba shi wuri.